Daga Zauren Majalisa Zuwa Fadamar Adabka: Aikin Wakili Kan Noma, 'Yan Mazan Jiya da Mutanen Karkara a Yammacin Zamfara

Tsakure

Wannan maƙala ta duba abin da ɗan majalisa zai iya yi wa manoma da tsofaffin sojoji da mazauna ƙauyuka a ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum. Ta bi tanade-tanaden Kundin Tsarin Mulki na 1999, ta gwada su da abubuwan da suka faru a yankin daga 2010 zuwa 2025: gubar dalma, ta'adin 'yan bindiga, ambaliya da haɗarin kwale-kwale a Gummi, da koke-koken 'yan fansho na soja. Ta gano cewa cikin makamai uku da doka ta riƙa wa wakili, wato yin doka da tsara kasafi da bin diddigin aikin gwamnati, na ukun ne ya taɓa kawo wa yankin sakamako mafi girma, kuma shi aka fi bari a cikin kube. A ƙarshe ta kawo shawarwari biyar da za a iya aunawa.

1.0 Gabatarwa

Idan takarda za a bi, mutumin Adabka bai rasa mai magana da yawunsa ba. Garinsa ɗaya ne daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Bukkuyum, don haka yana da kansila. Yana da ɗan majalisar jiha a Gusau. Yana da ɗan majalisar wakilai mai riƙe da kujerar Gummi da Bukkuyum a Abuja, ga kuma sanatan Zamfara ta Yamma. Mutum huɗu ke nan, kowannensu ya zo neman ƙuri'a, kowannensu ya yi rantsuwar kama aiki.

Da zarar damina ta faɗi, tambayoyin da ke gaban wannan mutumin a fili suke. Zai isa gonarsa ya dawo lafiya? Abin da ya noma zai kai kasuwa? Ɗansa da ya shiga soja, idan ya dawo da rauni ko bai dawo ba, wa zai tsaya wa iyalinsa?

A ofisoshin Abuja, waɗannan tambayoyi a rarrabe suke: wannan na Ma'aikatar Tsaro, wancan na Ma'aikatar Noma, ɗayan na Ma'aikatar Ayyuka. A ƙauye kuwa gida ɗaya suke kwana. Tsohon sojan da ya ajiye kaki gona yake komawa, kuɗin fanshonsa shi ne kuɗin takinsa, hanyar da manomi ke tsoron bi ita yake bi zuwa banki. Wakili shi ne jami'in da aikinsa ya ba shi damar haɗa waɗannan zaruruwa wuri guda. Maƙalar tana tambaya ne: da wane ƙarfi zai yi hakan, kuma ina shaidar cewa yana yiwuwa?

2.0 Yankin da wakilansa

Anka da Gummi da Bukkuyum suna kudu maso yammacin Jihar Zamfara, wadda aka yanke daga Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996. Gulbin Zamfara ya ratsa su kafin ya nufi ƙasar Kebbe da Jega, Gulbin Ka kuma ya bi ta kudu. Tudu na ba da gero da dawa da masara da wake da gyaɗa. Fadama na ba da shinkafa da damina, albasa da barkono da rani. Gummi ta yi suna wajen noman duma. A ƙarƙashin ƙasar Bagega da Sunke da Dareta kuma akwai zinariya.

A ƙidayar 2006, ƙananan hukumomin uku na da mutane fiye da rabin miliyan. Faɗin Gummi da Bukkuyum kaɗai ya haura murabba'in kilomita 5,000, ya fi na Jihar Legas girma. Legas tana da kujeru 24 a Majalisar Wakilai, Gummi da Bukkuyum suna da ɗaya. Anka kuma tana raba tata da Talata Mafara. A majalisar jiha mai mambobi 24, yankin na da kujeru biyar: Anka ɗaya, Gummi biyu, Bukkuyum biyu. Yawan jama'a ne ma'aunin rabon kujeru, amma wakilin da zai zagaya mazaɓarsa da nisan hanya yake fama.

Kujerar sanatan Zamfara ta Yamma ta ratsa hannun Yusha'u Anka daga 1999, sai Ahmad Sani Yariman Bakura daga 2007 zuwa 2019. A ranar 24 ga Mayu, 2019, Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un jam'iyyar APC a jihar saboda rashin sahihin zaɓen fidda gwani, sai kujerar ta faɗa hannun Lawali Hassan Anka. A 2023 Abdul'aziz Yari ya karɓa, shi kuwa tsohon wakilin Anka da Talata Mafara ne daga 2007 zuwa 2011. A majalisar jiha kuma, rikicin Fabrairun 2024 ya kai ga dakatar da wasu mambobi, cikinsu har da wakilin Gummi ta ɗaya, majalisar ta dare gida biyu. Ko wane ne mai gaskiya a rikicin, mazaɓar da aka dakatar da wakilinta ba ta da baki a zauren.

Duk wannan ya faru ne a lokacin da yankin ya fi bukatar murya. Kwamitin da tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M.D. Abubakar ya jagoranta ya ba da rahoto a 2019 cewa daga 2011 zuwa wannan shekara an kashe mutum 6,319 a jihar, mata 4,983 sun rasa mazajensu, yara 25,050 sun zama marayu, mutum 190,340 sun bar gidajensu. A makon farko na Janairun 2022, 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnati ta ce mutum 58 suka mutu, mazauna yankin suka ce sun kai 200. Adabka da Gwashi da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da dajin Gando sun sha irin wannan hari ba sau ɗaya ba.

3.0 Abin da doka ta ba wakili

Ɗan majalisa ba ya ba soja umarni, ba ya riƙe da baitulmali, ba ya sa hannu a kwangila. Abin da Kundin 1999 ya ba shi iri uku ne. Sashe na 4 ya ba shi ikon yin doka. Sashe na 80 da na 81 sun hana a taɓa kuɗin tarayya sai da amincewar majalisa. Sashe na 88 da na 89 sun ba shi ikon bincike: ya kira minista ko shugaban hukuma, ya nemi takardu, ya tona almubazzaranci ko sakaci. Majalisar jiha ma tana da irin wannan ƙarfi a sashe na 128 da na 129.

Kundin ya kuma raba hurumi. Tsaro da soja da 'yan sanda da ma'adinai da fanshon ma'aikatan tarayya, Majalisar Tarayya kaɗai ke yi musu doka. Raya noma kuwa na haɗaka ne tsakanin tarayya da jiha. Ƙasa, bisa Dokar Amfani da Filaye ta 1978, tana hannun gwamna, ƙaramar hukuma kuma ita ke ba da izinin gonaki da wuraren kiwo a karkara. Ma'ana, batun fanshon tsohon soja na sanata da ɗan majalisar wakilai ne, batun burtalin da gona ta cinye kuwa na Gusau da sakatariyar Bukkuyum ne. Koke da yawa na mutuwa a hanya saboda an kai shi ƙofar da ba tasa ba.

Sai dai a idon jama'a, aikin wakili wani abu ne daban: buhunan shinkafa da azumi, ragunan layya, babura da kekunan ɗinki da injinan ban ruwa a filin taro. Ba za a zargi talakan da ya yi murna da su ba, yunwa ba ta jiran karatu na uku a majalisa. Amma lissafin bai goyi bayan wannan hanya ba. An daɗe ana ware naira biliyan 100 a shekara don ayyukan mazaɓu. Da za a raba su daidai tsakanin 'yan majalisa 469, kowa zai samu kusan miliyan 213, kuma ba daidai ake rabawa ba. A Nuwamban 2019, a wani taron hukumar ICPC, Shugaba Muhammadu Buhari ya ce an kashe naira tiriliyan ɗaya a irin waɗannan ayyuka cikin shekara goma ba tare da an ga tasirinsu a wajen talaka ba. Ƙungiyar BudgIT kuma ta ce ta ƙirga ayyuka 11,122 da majalisa ta cusa a kasafin 2025, na kusan naira tiriliyan 6.9. Kuɗi suna nan, warwatsa su ake yi a kan ƙananan abubuwan da ke ƙarewa kafin damina ta zagayo.

4.0 Bagega: ranar da bin diddigi ya yi aiki

Shaidar da ta fi ƙarfi ga wannan maƙala a ƙasar Anka take.

Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008, farashin zinariya ya tashi, manoman Anka da Bukkuyum suka ƙara faɗawa haƙa. Duwatsun da suke haƙowa cike suke da dalma. A tsakar gida ake dakansu a turmi, a kai su injin niƙa irin na hatsi, a shanya garin inda yara ke rarrafe. A Maris na 2010, likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yadda ƙananan yara ke mutuwa bayan jijjiga da suma. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Yara aƙalla 400 suka rasu a Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza da 'Yargalma da Tungar Guru da Bagega. A wasu wuraren, dalmar da aka auna a cikin ƙasa ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta sa wa wurin wasan yara a lokacin 400 ce.

Ƙauyuka bakwai aka share tsakanin 2010 da 2011: a kankare gurɓatacciyar ƙasa, a binne ta nesa, a zuba sabuwa. Bagega, wadda ta fi su girma, aka bar ta. Likitoci kuma suka ce ba za su fara ba yaranta maganin fitar da dalma daga jini ba sai an share garin, domin yaron da aka yi wa magani ya koma cikin ƙurar nan, gubar za ta sake shiga jikinsa. A Mayun 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850. Damina ta zo ta wuce, kaka ta wuce, kuɗi shiru.

A nan ne abubuwa uku suka haɗu. Matasan ƙungiyar Follow The Money, ƙarƙashin Hamzat Lawal, suka je garin suka ɗauko hotuna da alƙaluma suka baza a kafofin sada zumunta. Ƙungiyar Human Rights Watch da MSF suka matsa daga waje. Shugaban Kwamitin Muhalli na Majalisar Dattawa, Sanata Bukola Saraki, ya taka har Bagega a farkon 2013, ya koma Abuja da maganar. A ƙarshen Janairun wannan shekara Shugaba Goodluck Jonathan ya amince a saki kuɗin. Aka share garin a 2013, aka fara ba yara magani. MSF ta ci gaba da aikin har 2022, lokacin da ta miƙa shi ga hukumomin jihar bayan ta duba dubban yara.

Akwai abin lura a nan. Sanatan ɗan Kwara ne, ba ya neman ƙuri'ar kowa a Bagega. Ƙarfinsa daga kujerar kwamiti ya fito, kwamitin da ma'aikatar muhalli ke zuwa gabansa kare kasafinta. Kuɗin da aka riga aka yi alkawari ya bi. Kuma bai yi shi kaɗai ba, sai da mutanen gari da matasa da likitoci suka ajiye masa hujja a hannu. Wannan tsari, hujja daga ƙauye, matsi daga kwamiti, sakin kuɗi daga zartarwa, ana iya maimaita shi a kan gada da taki da fansho.

5.0 Noma: hanya kafin taki

Taken Jihar Zamfara yana alfahari da noma, kuma ba a rasa shirye-shirye ba. An yi shirin noma na ZACAREP a zamanin gwamnatin Yarima. An yi bashin manoma na Anchor Borrowers, wanda aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015. Majalisar Tarayya ta yi dokar ingancin taki da ta hukumar iri a 2019. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Maputo ta 2003 cewa za a ba noma kashi 10 cikin 100 na kasafi, kodayake kason tarayya ya daɗe yana can ƙasa da haka.

Dukkan waɗannan sun ɗauka cewa manomi na iya zuwa gona. A yammacin Zamfara, wannan ne ba tabbas. Ƙauyuka da dama sai sun biya 'yan bindiga haraji kafin shuka, su sake biya kafin girbi. Gonakin nesa da gari, waɗanda su ne manya, an bar su sun koma daji. Matakan Satumban 2021, na rufe kasuwannin mako-mako da katse layukan waya da taƙaita sayar da fetur, an ɗauke su ne don a matse ɓarayin daji, amma sun matse mai buhun wake da mai injin ban ruwa tare da su. Majalisa ita ce wurin da ya kamata a zauna bayan irin wannan mataki a tambayi jami'ai: me aka samu, me aka rasa, wa ya biya?

Ruwa ma yana da nasa lissafi. A Agustan 2024 ambaliya ta rushe dubban gidaje a garin Gummi. Ba a gama jaje ba, ranar 14 ga Satumba, kwale-kwalen da ya ɗauko manoma zuwa gonakinsu na ƙetaren gulbi ya kife, gomman mutane suka nutse. Mutanen nan ba tafiya mai nisa za su yi ba, gona za su, kamar kowace safiya. Ta'aziyya da rabon rigunan ceto suna da kyau. Aikin wakili shi ne ya sa gada ko ingantaccen jirgin fito a kasafi, ya tabbatar an zana, an ba da kwangila, an saki kuɗi, shekara bayan shekara har a gama. Hukumar Raya Arewa Maso Yamma, wadda aka sa wa dokarta hannu a Yulin 2024, sabuwar ƙofa ce ta irin wannan aiki, kuma wakilin Gummi da Bukkuyum, Sulaiman Abubakar Gumi, shi aka ba shugabancin kwamitin da ke sa mata ido a Majalisar Wakilai. Kujera ce irin wadda ta yi wa Bagega rana.

Babban aiki ma yana iya zama masifa idan ba a saurari manomi ba. Madatsar ruwa ta Bakolori, a wannan mazaɓar sanata, an gama ta a 1978 don ban ruwan hekta 23,000. Manoman da aka karɓe wa gonaki suka yi ta kukan diyya har suka tare hanyoyin aikin. A Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta ambaci mutum ashirin da 'yan kai, masu bincike suka ce ɗaruruwa. A lokacin akwai majalisa a Legas, akwai wata a Sakkwato. Zaman jin ra'ayin jama'a da aka yi a kan kari ya fi kwamitin bincike da aka kafa bayan jana'iza.

Makiyayi ma ɗan mazaɓa ne. Dokar keɓe wuraren kiwo ta Jihar Arewa tun 1965 take, amma burtali da mashaya da yawa sun shige cikin gonaki, wasu da izinin hukuma. Wakilin da ya ɗauki kansa na manoma kaɗai ya bar rabin matsalar a daji.

6.0 'Yan mazan jiya

Ƙasar Hausa ta daɗe tana ba da soja. Dubban 'ya'yanta sun yi yaƙin Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya kumbura rundunar Najeriya daga kusan mutum 10,000 zuwa kusan 250,000, aka sallami da yawansu daga baya. Sai Laberiya da Saliyo a shekarun 1990, sai Borno, sai kuma dazuzzukan Zamfara kanta, daga farmakin soja na Harbin Kunama a 2016 zuwa na Hadarin Daji da na Fansan Yamma. Kowane zango ya bar tsofaffin sojoji da zawarawa da marayu a garuruwa da ƙauyuka.

Kowace ranar 15 ga Janairu ana tunawa da su, a ajiye furanni, a saki tattabaru. Haƙƙinsu kuwa a doka yake. Gyaran dokar fansho na 2011 ya fitar da soja daga tsarin fansho na karo-karo, ya bar su a hannun Hukumar Fanshon Soja, wato kuɗinsu daga kasafin tarayya kai tsaye yake fitowa. Sashe na 173 na Kundin ya ce a sake duba fansho duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka ƙara albashi. An ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a Yulin 2024. A Disamban wannan shekara, tsofaffin sojoji suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman bashin ƙarin fansho da wasu alawus. Tun da kuɗin na kasafi ne, jinkirinsu abu ne da kwamitin majalisa ke da cikakken ikon tambaya a kai.

Waɗanda suka iya zuwa Abuja ke nan. Tsohon kofur da ke Zugu ko Gyalange, ko matar sojan da ya rasu tana zaune a Wuya, tasu wahalar daban ce: tantancewa, gyaran suna a takarda, shaidar magaji, asibitin da ke karɓar inshorar lafiyar soja, duk suna birni, hanyar birnin kuma sai an yi shahada. Zamfara ta ba ƙasa ministocin tsaro, Janar Aliyu Gusau a 2014, Mansur Ɗan Ali daga 2015 zuwa 2019, sai Bello Matawalle a matsayin ƙaramin minista daga 2023. Amma samun ɗan gida a ofis abu ne mai wucewa. Abin da ke zama shi ne doka da tsari.

Wasu ƙasashe sun gwada haɗa tsohon soja da gona. A Amurka, dokar noma ta 2014 ta ware tsofaffin sojoji a matsayin rukuni na musamman wajen rance da horo, ta kafa jami'i a ma'aikatar noma don su kaɗai. 'Yan majalisa irin su Tim Walz, mai wakiltar karkarar kudancin Minnesota daga 2007 zuwa 2019, sun zauna a kwamitin noma da na tsofaffin sojoji a lokaci guda, saboda mazaɓunsu sun nuna musu cewa mutanen ɗaya ne. Ostireliya kuwa ta raba wa dubban sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya filaye, da yawa a busasshiyar ƙasa, babu jari babu ƙwarewa, suka bar gonakin da bashi a wuya. Najeriya tana da cibiyar koyar da sana'a ga sojoji masu shirin ritaya a Oshodi ta Legas, kuma noma na cikin abin da take koyarwa. Abin da ya rage shi ne gadar da za ta haɗa wannan horo da fili da ruwa da rance a garin da mutum zai koma.

Akwai sabon rukuni da ya kamata a sa a lissafi. A ƙarshen Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara, matasa masu gadin gari fiye da 2,600. Ba sojan tarayya ba ne, don haka Hukumar Fanshon Soja ba ta san da su ba. Diyyar wanda ya mutu, da jinyar wanda ya ji rauni, da makomar wanda aka sallama bayan ya iya bindiga, duk suna wuyan majalisar jiha. Tarihin 'yan sa-kai, waɗanda kisan da wasunsu suka yi ba shari'a ya ƙara rura wutar rikicin, ya isa gargaɗi. Tsohon soja yana da amfani a nan wajen horo da ladabtarwa da tsara gadin gari, matuƙar doka ta fayyace wa yake ba umarni kuma wa ke ba shi.

7.0 Shawarwari

Na farko, kowane wakilin tarayya na yankin ya ware rana a ofishin mazaɓarsa ta Anka ko Gummi ko Bukkuyum don takardun 'yan fansho da magadan sojoji, da ma'aikaci ɗaya da ya san aikin, a kuma nemi Hukumar Fanshon Soja ta riƙa kawo tantancewa hedikwatar ƙaramar hukuma.

Na biyu, wakilai biyar na jiha da uku na tarayya su amince da manyan ayyuka biyu ko uku, kamar mashigar gulbi a Gummi da hanyoyin da ke haɗa Adabka da Gwashi da Bagega da kasuwa, su bi su a kasafi har a gama, ko da kujera ta sauya hannu.

Na uku, majalisar jiha ta duba dokar Askarawa ta tabbatar akwai asusun diyya da tsarin sallama a rubuce.

Na huɗu, kafin a faɗaɗa haƙar ma'adinai, tun da tarayya ta ɗage haramcin 2019 a Disamban 2024, kwamitocin ma'adinai da muhalli su nemi rahoton gwajin jinin yara da na ƙasa a ƙauyukan da aka share, duk shekara.

Na biyar, a riƙa zaman jin ra'ayin jama'a sau biyu a shekara, kafin shuka da bayan girbi, manoma da makiyaya da tsofaffin sojoji da mata su halarta, masarautun Anka da Gummi da Bukkuyum su zama shaida.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa manomi da tsohon soja da ɗan ƙauye a yammacin Zamfara matsalarsu ɗaya ce ta fuskoki daban-daban, kuma ƙarfin wakili a kanta yana cikin doka da kasafi da bincike. Bagega ta nuna abin da bin diddigi ke iya yi idan hujja ta fito daga ƙasa, Bakolori ta nuna abin da ke faruwa idan ba a saurara ba.

Aikin da ya rage na masu nazari ne. Kasafin kowace shekara a buɗe yake, ƙudirorin da kowane wakili ya gabatar suna cikin kundin majalisa, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuma ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa tambaya. Malamai da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da jami'ar jiha ta Talata Mafara da Kwalejin Noma ta Bakura za su iya tattara abin da aka sa wa Anka da Gummi da Bukkuyum a kasafi tun daga 2019, da abin da aka saki, da abin da ke tsaye a ƙasa, mazaɓa bayan mazaɓa, su fitar da shi da Hausa a rediyo kafin zaɓen 2027.